Jirgin cikin gari a Kano: a fara da layi guda, a kuma gama shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kantin Kwari da misalin ƙarfe biyar da rabi na yamma ya san yadda Kano ke tashi daga kasuwa. Ana jan ƙofofin shaguna, 'yan dako na fitowa da dilolin atamfa da shadda a ka, masu baro na neman hanya da baki, ga adaidaita sahu sun yi dafifi iya ganinka, kowanne na kutsa kai a wurin da bai kai faɗin tabarma ba. Mai zuwa Kurna na ɗaga hannu, mai zuwa Hotoro na ciniki. Wata baiwar Allah da goyo da leda biyu tana tsaye tun ɗazu, domin duk ɗan sahun da ta tsayar sai ya ce ba can ya nufa ba, ko ya yanka mata kuɗin da ya fi ƙarfinta. Kafin rana ta faɗi titin IBB ya cushe, na Ibrahim Taiwo ya cushe, Bata kuwa ba a magana. Magidancin da gidansa ke Rijiyar Lemo ko Bachirawa ya riga ya san a hanya magariba za ta riske shi.

Haka ake yi kullum, safe da yamma, a birnin da ƙiyasi ya nuna mutanensa sun haura miliyan huɗu. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma tun a lokacin kaso mai tsoka na wannan adadi yana cikin ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Daga wancan lokaci zuwa yau gari ya ci gonaki ta kowace kusurwa. Danbare, Mariri, Panshekara da Rimin Kebe, waɗanda a da ake yi wa kallon bayan gari, yanzu unguwanni ne da mutane ke kwana a cikinsu su wayi gari su nufi kasuwa.

Abin da ke ɗauke da wannan al'umma kuwa ƙafa uku gare shi. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da adaidaita sahu, musamman domin mata su daina hawa acaɓa. Da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai nauyin garin gaba ɗaya ya koma kan ɗan sahu. An ga iyakar wannan tsari a watan Janairun 2022, lokacin da direbobin suka shiga yajin aiki kan kuɗaɗen da hukumar KAROTA ta ɗora musu. Kwana da kwanaki ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya suna takawa a ƙasa, wasu na maƙalewa a bayan a-kori-kura. Sai kuma ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kafaɗa da kafaɗa da kuɗin cefane.

Gwamnatoci sun amsa da gadoji. An yi ta Ƙofar Nassarawa, an yi doguwar nan da ta ratsa Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro, an haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Ƙofar Ruwa. Sun ƙawata gari, sun kuma rage wahala a wuraren da aka yi su. Sai dai gada mota take ɗauka, kuma tana sauke ta ne a mahaɗa ta gaba, inda gosulo ke jiranta. Keke mai ɗaukar mutum uku ko huɗu ba zai kwashe jama'ar birni mai miliyoyin mutane ba, ko gada nawa aka gina masa.

Daga nan maganar jirgin ƙasa na cikin gari ta samo asali. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin China kan layuka huɗu masu tsawon kilomita 74, a kan dala biliyan 1.85, mafi yawan kuɗin rance ne daga bankin Exim na China. A watan Afrilun 2017, a taron zuba jari na Kaduna, Sarki Muhammadu Sanusi II ya soki irin wannan rance a bainar jama'a. Hujjarsa ita ce kuɗin na China ne, ma'aikata da taragai da injuna su ma daga can za su zo, bashi kaɗai za a bar wa jiha. Ya kuma tambaya ina masu hawa jirgin za su, tunda babu masana'antun da za su je aiki. Aikin dai bai tashi ba. Maganar ta sake dawowa a 2025, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar da tanadin naira biliyan 150 domin jirgin cikin garin Kano da biliyan 100 domin na Kaduna.

Gargaɗin Sarki kan bashi gaskiya ne, lokaci ma ya tabbatar da shi. A ƙarshen 2016 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati, wato kuɗin aikin ya kama kimanin naira biliyan 560. A 2024 dala ta haura naira 1,500, wannan adadi ya koma kusan tiriliyan 2.8, alhali kasafin jihar na shekarar 2025 bai kai tiriliyan ɗaya ba. Da an ci bashin nan gaba ɗaya, da yau jikoki ma sun shiga layin biya. Amma tambayar ina za su tana da amsa, amsar kuma tana tsaye a bakin Kwari kowace yamma. Za su Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai, za su asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, za su Jami'ar Bayero, za su abin da ya rage na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Kasuwa ita ce masana'antar Kano, kuma ma'aikatanta suna ɓarar da sa'o'i a kan titi kullum.

Kano na buƙatar jirgin, kuma a ƙwaryar birni babu inda zai bi sai sama. Alhazai ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Duk wanda ya sauke farali daga 2010 zuwa yau ya ga jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, a kan ginshiƙai, tsawon kilomita 18 da tashoshi tara, wanda aka tsara ya kwashi mutum 72,000 cikin sa'a guda. Ƙasa cike take da tantuna da masu tafiya da ƙafa, shi kuma yana wucewa ta samansu ba tare da ya tare kowa ba. Layin da aka shimfiɗa a ƙasa sai ya ci faɗin titi, sai ya tsare kowace mahaɗa duk bayan 'yan mintuna, sai an katange shi hagu da dama a garin da ake baza kaya har kan kwalta. Haɗarinsa ma sananne ne: a watan Maris na 2023 jirgin ƙasa ya yi awon gaba da motar ma'aikatan gwamnatin Legas a mararrabar dogo da ke yankin Ikeja, mutum shida suka rasu. Haƙa rami a ƙarƙashin gari kuwa tsadarsa ta ninka ta gada, ba aikin jihar da ke fama da ruwan sha ba ne. Gada ginshiƙi kawai take nema a tsakiyar titi, hakan kuma na nufin ƙarancin rusau da ƙarancin diyya.

Sai dai ginshiƙi ba shi ne jirgi ba, kuma ba sai an bar Najeriya za a ga haka ba. A Fatakwal, gwamnatin Rotimi Amaechi ta fara jirgi mai tafiya a kan dogo guda a sama a wajen 2010. An kafa ginshiƙai, an gina tashoshi, an kawo taragai har an yi gwaji a kan 'yar tazarar da ba ta kai kilomita uku ba. Gwamnatin da ta gaje ta ta ce ba za ta ƙara ko kwabo ba. Bai taɓa yin jigilar fasinja ta kasuwanci ba, ginshiƙan na nan tsaye a tsakiyar gari.

Labarin Abuja ya fi wannan kusa, ya kuma fi shi darasi. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe jirgin cikin garin a watan Yulin 2018, kilomita 45, a kan dala miliyan 823, miliyan 500 daga ciki rancen China. Layin ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, reshe guda ya nufi Kubwa. Amma tururuwar ma'aikatan Abuja daga Nyanya da Mararaba da Karu take shigowa kowace safiya, jirgin kuwa bai leƙa can ba. Tashoshi da dama a cikin daji aka gina su, wasu ko titin shiga babu. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ɓarayi suka kwashe wayoyi da na'urori, sai da aka sake kashe maƙudan kuɗi kafin Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi a ranar 29 ga Mayun 2024, aka yi ta ɗaukar mutane kyauta. Duk shekaru huɗun da ya yi a ajiye, bashin bai daina ƙirga kwanakinsa ba.

A Addis Ababa ta ƙasar Habasha matsalar daban ce. Jirginsu, wanda wani sashensa a kan gada yake, ya fara aiki a watan Satumban 2015 a kan dala miliyan 475, kuma ya bi ta inda mutane suke, shi ya sa ya cika maƙil tun ranar farko. Jirage 41 aka sayo. Kafin a cika shekara goma waɗanda ke aiki ba su kai rabi ba, saboda babu kuɗin waje na sayo kayan gyara. An tanadi kuɗin gini, an manta da na kulawa.

Legas ce ta nuna abin yana yiwuwa, ita ma da jan ƙafa. An ba da kwangilar layin da suke kira shuɗi tun zamanin Babatunde Fashola, ya ratsa mulkin Akinwunmi Ambode, sai a ranar 4 ga Satumban 2023, a zamanin Babajide Sanwo-Olu, ya fara ɗaukar fasinja. Kilomita 13 ne kacal daga Marina zuwa Mile 2, tashoshi biyar, wani sashe a kan gada har ta saman ruwa. Tafiyar da kan cinye fiye da sa'a guda a mota ta koma wajen minti 20. Abubuwa biyu suka cece shi. Na farko, an ɗora shi a kan hanyar da dama can mutane ke cunkushe a kanta. Na biyu, akwai hukumar LAMATA, wadda aka kafa da doka tun 2002, ta riƙe taswira ɗaya gwamna ya zo gwamna ya tafi. Kafin jirgi ma sai da hukumar ta fara da manyan motocin bas masu hanyarsu ta daban a 2008, ta koyi ƙirga fasinja da karɓar kuɗi da kati.

Idan aka ɗora waɗannan labarai a kan Kano, abu na farko da ke fitowa shi ne kilomita 74 a tashi ɗaya ya yi yawa. Hausawa sun ce da hanau gara mannau. Layi guda da aka gama ya fi layi huɗu a kan takarda, kuma wanda ya san garin zai fara duba titin Katsina. Daga Dawanau, babbar kasuwar hatsin da ke ciyar da ƙasashe maƙwabta, a biyo ta Miltara, Bachirawa, Rijiyar Lemo, Kurna, Ƙofar Ruwa da Fagge, a sauka a bakin Kwari da Sabon Gari. Sunan Miltara kansa ya faɗi nisan: mil tara ne daga gari, Dawanau kuma gaba kaɗan. Unguwannin da ke wannan hanya suna cikin mafiya cunkoso a jihar, kasuwa ce a kai, kasuwa ce a gindi, saboda haka jirgin ba zai koma wayam ba ko ta wane ɓangare ya taso. Wani zai ce titin Zariya ya fi cancanta, wani ya ce na Gwarzo saboda ɗaliban jami'a. Ƙidaya ce za ta raba gardama: a tsayar da mutane a kan manyan titunan nan na tsawon makonni, a ƙirga masu wucewa sa'a bayan sa'a, a buga sakamakon kowa ya gani. Kada a zaɓi hanya domin filin wani babba na can, ko domin nan ne rusau ya fi sauƙi. Kowace sabuwar gadar mota da za a zana daga yanzu kuma a bar wa jirgin gurbinsa a jikinta, domin duk gadar da ta tare hanya sai an ɗaga dogo ya haye ta, tsada kuma ta ƙaru.

Sai wuta. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Kano da mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Jirgin da ya tsaya a ƙasa fasinja kan buɗe ƙofa ya sauka; wanda ya tsaya a kan gada mai tsayin bene uku, da tsakar ranar watan Afrilu, cike da mata da yara, wani al'amari ne daban. Legas ta tanadar wa layinta tashar wuta ta kansa. Kano na da madogara: akwai tashar ruwa ta Tiga mai megawat 10, akwai ta hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya kuma ba jihohi ikon yin doka kan wutar lantarki da kan jirgin ƙasa, don haka babu sauran fakewa da cewa hurumin tarayya ne. A rubuta wutar jirgin a cikin kwangila ɗaya da ginshiƙansa, haka ma kayan gyara na shekaru da horar da injiniyoyi 'yan ƙasa. Ga jami'ar Bayero, ga ta Wudil, suna yaye matasan da za su iya riƙe aikin idan an sa su a ciki tun daga ranar haƙa ramin farko.

Akwai kuma abubuwan da injiniyan da ya zo daga nesa ba zai gani a taswira ba. Fasinjan Kano ba jakar hannu kaɗai yake riƙewa ba. Yana ɗauke da bandir ɗin yadi, ko katan ɗin taliya daga Singa, ko rabin buhun gero. Idan aka hana shi shiga da kaya, ko aka ce sai ya hau matakala hamsin da su a ka, zai koma wa ɗan sahu. Tashar na buƙatar hanya mai gangare da na'urar hawa da ke aiki, saboda tsofaffi da masu juna biyu da masu keken guragu, a kuma ware wurin kaya a cikin tarago. Mata ma a ware musu nasu. A Dhaka, babban birnin Bangladesh, jirgin kan gada da aka buɗe a watan Disamban 2022 yana ɗaukar fiye da mutum 300,000 a rana, kuma tarago guda a kowane jirgi na mata ne zalla. Garin da ya shigo da adaidaita sahu domin mutuncin mata ba zai rasa gane hikimar wannan ba.

Wani batun ya fi waɗannan laushi. Gidan Bahaushe tsakar gida gare shi, a buɗe take ta sama. A nan ake girki da wanki da kitso, a nan mace ke ajiye mayafi ta sha iska, katanga ce sirrinta. Jirgin da ke wucewa a tsayin bene uku zai leƙa ɗaruruwan gidaje duk bayan minti goma. Idan ba a yi tanadi ba, a nan za a fara jin ƙorafi daga masu unguwanni da limamai, kuma da gaskiyarsu. Magani na nan. A Singafo akwai layin Bukit Panjang, wanda gilasan tagoginsa kan dushe da kansu idan ya zo gilmawa kusa da gidajen mutane. Ko ba a kai ga wannan ba, ana iya sa shinge a gefen gada a duk inda ta kusanci gidaje, wanda zai tare ido ya kuma rage ƙara. Haka nan ganuwa da ƙofofinta. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, abin da aka gina a gurbinta bai maye ta ba. Dogo ya bi bayan badala, ya bar hanyoyin hawan sallah yadda suke, musamman yanzu da hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a watan Disamban 2024.

'Yan adaidaita kuwa dubbai ne, kowanne da iyali a bayansa, da dama kuma balas suke kai wa mai keke kullum. Jirgi ba zai shiga lungun Kurna ko na Dorayi ba. Su ne za su kawo fasinja tasha su kuma kai shi ƙofar gida, gajeriyar tafiya mai yawan juyi da ƙarancin shan mai. A zauna da ƙungiyoyinsu tun yanzu, a zana musu wurin tsayawa a gindin kowace tasha. Kuɗin tikiti ma a faɗe shi tun kafin a fara: idan ya fi na ɗan sahu, ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 ba zai hau ba. Kusan ko'ina a duniya gwamnati kan cika wa irin wannan jirgi giɓi, saboda haka a bayyana nawa za a riƙa cikawa duk shekara da inda za a samo shi. Hayar shagunan da za a gina a tashoshi, a gari irin Kano, ba ƙaramar hanyar shiga ba ce, muddin kuɗin ya shiga asusun jirgin.

Dogo ba baƙo ba ne a garin nan. Isowarsa a 1911 ita ta buɗe cinikin gyaɗa har aka yi dalar da duniya ta san Kano da ita. Yanzu ga layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, suna tafe da ƙarin baƙi da ƙarin kaya, kuma duk wanda suka sauke sai ya nemi hanyar shiga gari.

Abin da ya rage yana hannun gwamnatin jiha da majalisar dokokinta. Kafin a kafa ginshiƙi ko ɗaya, majalisa ta yi dokar da za ta kafa hukumar sufurin birni mai asusunta, wadda sauyin gwamnati ba zai rushe ta ba, domin Kanawa sun sha ganin aikin da wata gwamnati ta fara wata ta juya masa baya. A buga taswirar layin, da kuɗin kowace kilomita, da sharuɗɗan rancen, da kuɗin da za a biya shi da shi, naira ko dala, da Hausa da Turanci, a karanta a gidajen rediyo. A kira 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, da masu unguwannin da dogon zai ratsa, da ƙungiyoyin mata da na direbobi, a ji ta bakinsu tun takarda ba ta zama kankare ba. Su ne za su hau jirgin, kuma daga harajinsu za a biya bashinsa.